Yamai a Kan Keke: Shawarwari ga Baƙo

Tseren keke ya samu gindin zama a Afirka. A Maris 2022 Biniam Girmay ɗan Eritiriya ya lashe Gent-Wevelgem, gasar yini ɗaya ta ƙasar Beljiyam. A Satumba 2025 kuma Kigali ta karɓi gasar duniya, inda Tadej Pogačar ya zo na ɗaya, Remco Evenepoel na biyu, Ben Healy na uku. Duk wanda wannan ya zaburar, yake son taka keke ko kallon tsere a Yamai, abu na farko da zai yi wa shiri shi ne rana.

Ka zo tsakanin Nuwamba da Fabrairu, lokacin hunturu. A Afrilu da Mayu zafi yakan wuce digiri 40, kwalta ta ɗau wuta tun hantsi. Ko da sanyin ne, ka fita bayan sallar asuba, ka dawo kafin ƙarfe goma. Ka riƙe gora biyu na ruwa, da ƙyalle na rufe hanci saboda ƙura.

Hanya mafi daɗi ita ce bakin kogin Kwara. Ka bi ta Yantala, inda lambuna suka jeru a gaɓa, masu ban ruwa suna ɗibar ruwa tun da jijjifi, masunta kuma suna tura kwale-kwale. Daga nan ka haye gadar Kennedy, wadda aka buɗe a 1970, zuwa Harobanda, wajen Jami'ar Abdou Moumouni. Gadar siririya ce, kuma da safe takan cushe da motoci da kabu-kabu. In ka makara, gara gadar Sin ta 2011, ta fi faɗi. Mai neman hawa ya doshi wasu duwatsu uku da ke kudu da kogin.

Babban abokin gabar mai keke a Yamai yashi ne. Iska tana tara shi a gefen kwalta, daidai inda kake bi, kuma siririyar taya ba ta jure shi. Ka sassauta tun kafin shataletale, kada ka danne birkin gaba a kan rairayi. Ƙaya ma tana fasa taya, don haka ka zo da tiyub na canji da famfo. Masu faci suna nan a bakin titi, kasuwar Katako kuma ba ta rasa kayan keken yau da kullum, amma kayan keken tsere ka taho da abinka daga gida.

In kallon gasa ya kawo ka, ka yi tambaya a filin wasa na Janar Seyni Kountché, matattarar 'yan wasanni. Ranar tsere ka tsaya kusa da layin ƙarshe, ka riƙe hannun yara, kada kowa ya tsallaka titi sai jami'ai sun ba da hanya.

Kada ka fita bayan gari kai kaɗai. Hanyar Kure, inda raƙuman dawa suke, kilomita kusan 60 ce, amma an kai hari a can a Agusta 2020, don haka kada ka bi ta sai da shawarar jami'an tsaro. Ka riƙe fasfo da katin rigakafi a jikinka, ka tsaya a kowane shinge, kada ka ɗauki hoton gada ko wurin soja. Ka tanadi canjin sefa na ruwa da fura a hanya, sannan ka sa hular kwano kafin ka hau.