Darasin Wannan Mako: Me Ya Sa Hoto Ke Dushewa Idan An Buga Shi Babba?



Yawancinmu mun tuna fostar bikin yaye 'yan aji shida ta bara. A waya hoton fes yake, amma da aka kawo fostar daga wurin bugu aka rataye, wasu iyayen da suka zo daga ƙauyukan Jahun sai da suka yi ta laluben fuskar 'ya'yansu. Kuɗin da ɗalibai suka haɗa ya tafi, ranar kuma ba ta dawowa. Tun da bikin bana ya matso, mu 'yan ƙungiyar 'yan jarida muka ga ya dace mu yi bayani.

Hoton waya ƙananan ɗigo ne masu launi da aka jera, ana kiran kowanne fiksel. Wayar da ke da megafiksel 12 tana ɗaukar hoto mai ɗigo 4000 a tsawo, 3000 a faɗi, wato ɗigo miliyan 12. Idan aka ƙara girman hoto, ɗigon ba ya ƙaruwa, baje shi kawai ake yi. Kamar kunu ne da aka tuttula wa ruwa: ya cika kwano, amma ya tsinke.

Ga lissafin. A raba yawan ɗigo da tsawon takarda a inci. Hoton da za a riƙe a hannu yana son ɗigo kusan 300 a kowane inci, shi ya sa takardar A4 ke buƙatar ɗigo 3508 da 2480. Fostar da za a kalla daga nesa ba ta buƙatar haka, domin ido ba ya rarrabe ɗigo daga nesa.

Mu ɗauki fosta mai ƙafa 4 da ƙafa 3, wato inci 48 da 36. Hoto mai ɗigo 4000 zai ba da kusan 83 a inci, kuma daga 'yan taku kaɗan zai fito da kyau. To amma idan an tura shi ta WhatsApp yadda muka saba, manhajar tana matse shi zuwa kusan ɗigo 1600. A raba da 48, saura 33 kacal. Nan muka yi kuskure bara: hoton ya bi ta waya uku kafin ya isa wurin mai bugu.

Abin da za mu kiyaye:

1. A goge gilashin kyamara, musamman lokacin ƙurar hunturu.
2. A ɗauka a waje da safe ko da yamma, rana tana bayan mai ɗauka. Hoton cikin aji mai duhu yakan yi tsaki-tsaki.
3. Kada a jawo hoto da yatsu. A yawancin wayoyi yanke gefe kawai ake yi. A matsa kusa da ƙafa.
4. A tura hoton asali daga wayar da ta ɗauka, ta kebul, ko a zaɓi Document a WhatsApp. Ban da hoton da aka ɗauko daga fuskar waya ko daga Facebook.
5. A roƙi mai bugu ya fara buga ɓangaren fuska ɗaya a ƙaramar takarda, da girman da za ta fito a fosta, a duba kafin a biya.

Akwai manhajojin da ke cewa suna gyara hoton da ya dushe. Suna taimakawa kaɗan, amma cike gurbi suke yi da hasashe, har sukan sauya wa mutum kamanni.

Aikin gida: hotonka yana da ɗigo 3000 a tsawo. Inci nawa zai kai idan ana son ɗigo 150 a kowane inci? A rubuta amsa da suna da aji a miƙa wa sakataren ƙungiya kafin Alhamis. Za mu liƙa sunayen waɗanda suka dace a wannan allo.