Yadda Ake Gano Matsalar Kamun Talabijin na Dijital da Gyara Eriya

Wanda ya taso da talabijin irin ta da ya saba da hoto mai yayyafi. Idan sigina ya yi rauni, hoton ya dushe, murya ta shiga shuuu, amma dai ana iya kallon labarai a haka. Talabijin ta dijital ba ta wannan sassaucin. Ko dai hoto ya fito tas, ko ya tsaya cak ya farfashe zuwa ƴan murabba'ai, ko ya ɗauke gaba ɗaya. Dalili kuwa shi ne dikoda tana gyara kurakuran da ke cikin sigina da kanta har zuwa wani mizani. Da zarar kurakuran sun fi ƙarfinta, sai ta saki komai lokaci guda. Shi ya sa eriyar da ta yi wa gida hidima shekara da shekaru take iya gazawa ranar da aka jona mata dikoda, alhali babu abin da ya canza a jikinta.

A Najeriya an fara sauyi daga talabijin irin ta da zuwa ta dijital a Jos ranar 30 ga Afrilu, 2016, sai Abuja a Disambar shekarar, Ilori da Kaduna a ƙarshen 2017, Legas da Kano kuma a 2021. Hukumar NBC ce ke kula da shirin, tashoshin suna zuwa da sunan FreeTV, kuma tsarin watsawar shi ne DVB-T2. StarTimes da GOtv masu amfani da eriya su ma a kan wannan tsari suke, don haka abin da ke tafe ya shafe su. Shawarata guda ce: ka fara bincike daga abin da ba ya cin kuɗi, ka bar sayen sabon kaya zuwa ƙarshe. Mutane da yawa sun sayi busta, wato na'urar ƙara ƙarfin sigina, ko sabuwar dikoda alhali laifin yana kan ɗan silin waya ɗaya.

Da farko, leƙa gidan maƙwabcin da ke da irin dikodarka. Idan shi ma nasa ya ɗauke, matsalar daga wurin watsawa take, sai haƙuri. A lokacin sauyi ana yawan gwaji da kashe na'urori, kada ka hau rufi a banza.

Idan nasa yana yi, karanta abin da allon ya rubuta, ka kuma gane wa ya rubuta shi. Danna maɓallin menu a rimot ɗin dikoda. In menu bai fito ba, talabijin ce ba ta ganin dikodar: ko an bar ta a kan wata kafa daban, ko wayar AV ko HDMI ta saki. In menu ya fito, to tsakanin dikoda da talabijin lafiya lau. In kuma sunan tasha yana fitowa amma ana ce maka a rufe take, wannan maganar biyan kuɗi ce ko rajistar dikoda, eriya ba ruwanta.

Mai son kama tashoshin kai tsaye ba tare da dikoda ba ya duba bayan talabijin ɗinsa ko takardarta, ya nemi rubutun DVB-T2. Tsofaffin talabijin na hannu da ake shigowa da su daga Turai da yawansu DVB-T kawai suke da shi, babu lamba 2, kuma ba za su kama ba. Waɗanda suka fito daga Amurka tsarinsu ATSC ne, su ma haka. DVB-S2 kuwa na farantin tauraron ɗan'adam ne. Ko da talabijin tana da tsarin da ya dace, tashoshin da aka kulle sai da dikodar kamfaninsu.

Yanzu buɗe shafin sigina a cikin menu, ka bar shi a buɗe har ka gama aiki. Za ka ga layi biyu, ɗaya na ƙarfi, ɗaya na inganci. Idonka ya tsaya a kan na inganci. Ƙarfi yana auna duk abin da ya shigo ta wayar, har da hayaniyar lantarki. Inganci shi ke faɗa maka nawa dikoda ta iya karantawa. Ƙarfi ƙasa, inganci ma ƙasa, yana nufin sigina ba ya isowa. Ƙarfi sama amma inganci yana tsalle yana faɗuwa, wannan alamar katsalandan ce, ko mummunan jonin waya, ko busta da ta yi yawa.

Waya ita ce wurin da ya kamata ka fi daɗewa. Cire ta daga bayan dikoda ka dubi bakinta da kyau, da tocila in ta kama. A tsakiya akwai jan ƙarfe guda ɗaya, sai farin roba ya zagaye shi, sai saƙaƙƙun silaye a waje. Idan sili ɗaya tak daga cikin na wajen ya taɓa na tsakiya, sigina ya mutu. Yanke bakin, ka fere shi sabo, ka lanƙwasa silayen baya, ka ɗaura kan wayar da kyau, ka bar jan ƙarfen ya ɗan leƙo. Sannan bi wayar da hannu tun daga ɗaki har waje. Nemi inda ƙofa ko taga ta matse ta, inda aka buga mata ƙusa, inda rana ta fasa robarta, inda ɓera ya ci. Duk wurin da aka murɗe waya biyu aka naɗe da leda, asara ce. A sa mahaɗin ƙarfe na gaskiya, ko a canza wayar dungurungum. In za ka saya, nemi RG6 mai kauri, kuma kada ka bar ragowa mai yawa a nannaɗe, domin kowace mita tana rage wani abu. Bayan damina, buɗe ɗan akwatin da waya ta shiga jikin eriya. In ka ga tsatsa ko kore-kore, ruwa ya shiga, kuma yakan bi cikin wayar ya gangaro. Haka nan abin raba sigina zuwa ɗakuna: raba shi biyu yana barin kowace dikoda da ƙasa da rabi. Cire shi, ka jona dikoda ɗaya kai tsaye ka gani.

Sai eriyar kanta. Tashoshin dijital suna kan zangon UHF, wato wajen megahaz 470 zuwa 694. Eriyar da ta dace da shi ita ce mai gajerun haƙarƙari jere da juna. Tsohuwa mai dogayen hannuwa ta zangon VHF ce, ba za ta yi maka aikin kirki ba. Ƙaramar eriyar ɗaki kuwa tana wahala a gidajenmu, domin rufin kwano yana tare sigina. In ba kusa da turken watsawa kake ba, fitar da eriya waje, ka ɗaga ta ta haura rufi.

Wajen juyawa ana buƙatar mutum biyu, ɗaya a gaban allo, ɗaya a gindin sanda. Ɓangaren da ke da gajerun haƙarƙari shi ke fuskantar turken, ragar ƙarfen tana baya. Duba inda eriyar maƙwabtan da nasu ke yi ta dosa, da yadda haƙarƙarinta suke, a kwance ko a tsaye, ka yi irin haka. Amma ka tabbata dikodarku iri ɗaya ce, domin kowane kamfani da inda turkensa yake. Juya kaɗan, ka dakata daƙiƙa biyar zuwa goma, saboda layin inganci ba ya amsawa nan take. Gaggawa a nan ce take sa a wuce wurin da ya dace ba a sani ba. Idan dogon gini, tankin ruwa ko bishiya mai duhuwa na gabanka, matsar da sandar gefe. Wani lokaci taku biyu ya fi ƙarin tsawo amfani. Da ka samu inda ingancin ya fi tsayuwa, ɗaure tamau, don iskar farkon damina ba ta barin abin da aka ɗaure sako-sako.

Ina roƙonka a kan abu guda: kafin ka ɗaga sandar ƙarfe, ɗaga kai ka duba wayar wutar lantarki. Ka bar tazarar da ko sandar ta faɗi ba za ta kai gare ta ba. Kada ka hau rufi ana hadari ko kwano na jiƙe, kuma in ana tsawa, zare wayar eriya daga dikoda.

Busta tana da amfani a wuri ɗaya: in kana nesa da turke, ko wayarka doguwa ce. Ba ta ƙirƙiro siginan da eriya ba ta kamo ba, kuma tana ƙara hayaniya tare da shi. A kusa da turke ma tana iya cika dikoda har hoto ya ɗauke, don haka mai ita ya gwada cire ta. Akwai kuma eriya mai busta a ciki wadda ke jiran wutar bolt 5 daga dikoda. Irin wannan sai an kunna wutar eriya a menu. Eriyar da ba ta da busta, a bar wannan wuri a kashe.

Bayan duk wannan ne za ka sa dikoda ta nemi tashoshi da kanta, kuma kada ka katse ta. Kada ka yi neman lokacin da sigina ya ɗauke, domin wasu dikodoji suna goge tsohon jerin su bar ka babu komai. A lokacin sauyi ana matsar da tashoshi daga wata mita zuwa wata, saboda haka in tasha ɗaya ko rukuni guda ya ɓace sauran na nan, sake nema yakan dawo da su.

Idan hoto yana tsinkewa ne a wasu lokuta kawai, lura da abin da ke faruwa a daidai lokacin: tayar da janareta, kunna injin niƙa a maƙwabta, cajar waya mai arha kusa da dikoda. Raba wayar eriya da wayoyin wuta. Gidan da ke dab da turken kamfanin waya zai iya samun katsalandan daga zangon megahaz 700 da 800, kuma akwai ƴar matata ta LTE da ake sawa tsakanin eriya da busta. In ka bi komai inganci bai motsa ba, ɗauki dikodar ka gwada ta a eriyar maƙwabci. Ta yi a can, ka kira mai gyaran da ke da na'urar auna sigina ya duba taka eriyar. Ba ta yi ba, ka mayar da ita wurin wakilin kamfanin.