Darasi na 8: Abin Sha Mai Sanyi da Mahaɗin Shayi a Lokacin Bazara

Lokaci: awa ɗaya, bayan an gama zubi an rufe akwati.

Kayan aiki: gora ɗaya ta rabin lita, tsakuwa ko ƙwayar wake 40, da faranti biyu.

Manufar darasi: kowace mamba ta tashi daga wannan zama ta san yadda za ta lissafa ribar abin sha, ta san hanyar kare lafiyar masu saye, ta kuma san yadda za ta biya rancenta kafin damina ta sauka.

Gabatarwa

'Yan uwa mata, daga watan Maris zuwa farkon Mayu zafi kan yi tsanani a ƙasar Zazzau. A wannan lokaci duk wanda ya shiga kasuwar Sabon Gari ko ta Samaru, ko ya tsaya a Kwangila yana jiran mota, abin da idonsa ke nema shi ne abu mai sanyi. Samaru kuma gari ne na baƙi. Tun da aka kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962 ɗalibai da ma'aikata ke cika shi, ga kuma masu jinya da ke zuwa asibitin koyarwa na Shika. Waɗannan duk masu saye ne, kuma ba su da nisa da Bomo, Basawa, Milgoma da sauran ƙauyukanmu.

Shi ya sa da bazara ta kama, buƙatar rance kan yi yawa a ƙungiya, kowa na son ta yi zoɓo ko kunun aya. To, sana'ar tana da riba, amma ribar siririya ce, kuma kayan ba sa jira. Gyaɗa ko wake in ba a saya yau ba, a saya gobe. Kunun aya kuwa in ya wuni a rana, sai dai a zubar. Abin da wannan darasi ke koyarwa shi ne: ki haɗa abin da ke saurin lalacewa da abin da ke jimawa, kuma ki yi lissafi kafin ki ɗora tukunya.

Kashi na ɗaya: Wane abin sha za ki yi?

Zoɓo. Shi ya fi sauƙin farawa, domin tsaminsa na sa ya fi sauran jure zafi. Ki wanke shi sosai saboda ƙasa, ki tafasa da citta da kanunfari da ɓawon abarba da aka wanke, ki tace, sannan ki sa sukari tun yana da ɗumi. Ki tsayar da ma'auni ɗaya na zoɓo da na ruwa da na sukari. Mai saye na son ɗanɗanon da ya ji jiya ya same shi yau.

Ruwan tsamiya da na citta. Su ma suna da ɗan juriya. Sai dai ki sa ido a kan farashin citta. Mafi yawanta daga kudancin Kaduna take zuwa, wajen Kachia da Jaba, kuma da cuta ta faɗa wa gonakin can a 2023 kuɗinta ya yi tashin gwauron zabo. Kada ki yi lissafi da farashin bara.

Kunun aya. Ya fi kowanne farin jini, ya kuma fi kowanne haɗari ga jari. Aya da dabino da kwakwa ba a dafa su, ga shi sai sun bi ta injin markaɗe. In babu ƙanƙara, cikin 'yan awoyi ya yi tsami ya kumbura gora. Idan ba ki da tabbacin sanyi daga safe zuwa yamma, ki bar shi, ko ki yi wa wanda ya ba da kuɗinsa tun kafin ki jiƙa aya.

Shayi mai sanyi. Wannan bai yawaita ba tukuna, don haka masu yin sa kaɗan ne. Ma'abota shayi ba sa barin sa don ana zafi, da rana ne dai mai zafin ke musu nauyi. Ki tafasa ruwa lita 5 da 'yar citta, ki sauke, ki zuba ƙullin ganyen shayi 15 da ganyen na'a-na'a, ki rufe minti 5. Ki tsame ganyen, domin in ya daɗe a ciki zai yi bauri. Ki sa sukari, in ya huce ki matsa lemun tsami. Kada ki sa madara, ita ke saurin ɓata shi. Ki fara da gora goma ki ga yadda za a karɓa.

Kashi na biyu: Mahaɗin shayi, abin da ke riƙe miki jari

Da rana ta faɗi, teburan masu shayi kan cika, samari kuma su ɗora butar shayi a kan gawayi a majalisa. Duk waɗannan na son abin taɓawa. Ga shi kuwa a hannunmu yake, domin irin kayan garar da muka gada ne wajen iyaye.

Alkaki, na alkama, ana soya shi a tsoma a ruwan sukari ko zuma. Dublan na fulawa ne, a murza shi siriri a naɗe a soya. Nakiya ta shinkafa ce da man shanu da kayan ƙamshi, kuma in an yi ta da kyau takan yi watanni. Ga cincin, ga kantun riɗi, ga gullisuwa. In sukari ya yi tsada, mazarƙwailar yankin Makarfi na iya maye gurbinsa a kantu, kuma akwai masu son ta fiye da sukarin.

Amfanin waɗannan shi ne ba sa neman ƙanƙara, ba ruwansu da ɗauke wuta. Ki bari su huce sarai, ki ƙulla a leda ko ki rufe a roba, sai su yi kwanaki, wasu makonni. Ranar da hadari ya taso zoɓo ya yi kwantai, cincin ɗinki na nan. Kuma ba sai kin fita ba, balle ki cire yarinya daga makaranta ki ɗora mata talla. Ki yi magana da mai shayi ko mai shago a unguwa, ki ba shi sari, ku tsayar da ranar biya a gaban shaida.

Kashi na uku: Lissafi da tsakuwa

Jagora, ki zube tsakuwa 40 a tabarma. Kowace ɗaya gorar zoɓo ce ta rabin lita, wato dahuwar lita 20 ke nan. Kuɗin da ke ƙasa misali ne kawai. Ki tambayi mambobi farashin kasuwarsu na wannan mako ku sa a madadinsu.

Zoɓo: N1,500
Sukari: N3,000
Citta, kanunfari da abarba: N800
Sababbin goruna 40: N2,000
Ƙanƙara: N1,000
Itace da ruwa: N700
Kuɗin mota: N600
Jimla: N9,600

In an sayar da kowace gora N300, guda 40 za su kawo N12,000. Riba N2,400 ke nan.

Yanzu ki ƙirga tsakuwa 32 ki zuba a faranti na farko. Kuɗin waɗannan uwar kuɗi ce, da su za a sayo kayan gobe. Saura 8 a faranti na biyu, su ne ribar gaba ɗaya. Sai ki tambaya: yara sun dawo makaranta sun sha uku, a cire. Maƙwabciya ta ɗauki biyu bashi, a cire. Uku sun kwana sun yi tsami, a cire. Me ya rage? Kun gani ko? An sha hayaƙi, an sha rana, faranti wayam.

Ba a ce ki hana 'ya'yanki ba. Ki ɗiba musu nasu a kofi tun kafin ki ɗura, ki san cewa daga riba kika cire. Kuma ki lura, a lissafin nan ba mu sa ladan wahalarki ba. Idan ribar ba ta kai abin da za ki samu a wani aikin ba, ki sake shawara.

Kashi na huɗu: Rance da lokacin biyansa

A ce kin karɓi N30,000 ki sayi kula da babbar tukunya, sauran ki yi jari, za ki biya cikin mako 12. Kowane mako sai kin ware N2,500, ban da abin da dokar ƙungiyarku ta ɗora a kai. Ribar dahuwa ɗaya ba ta kai wannan ba. Ke nan sai kin yi dahuwa biyu a mako aƙalla, kuma kin sayar da su tas.

Lokacin karɓar rancen ma abin dubawa ne. Wadda ta karɓa a Fabrairu ta gama biya kafin ruwa ya zauna. Wadda ta karɓa a ƙarshen Afrilu kuwa, rabin bashin zai same ta cikin damina, cinikin sanyi ya ja baya, ga aikin gona. Ki duba kuma inda azumi zai faɗo. A 2024 da 2025 ya faɗo cikin Maris, amma kowace shekara yana matsowa da kamar kwana 11. A azumi cinikin rana kan mutu, na shan ruwa ya ninka, kayan zaƙi kuma su yi kasuwa gab da Sallah.

Kada ki jingina da masu saye iri ɗaya. A 2022 malaman jami'o'i sun yi yajin aiki wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba, ɗalibai suka watse daga Samaru, ciniki ya tsaya wa duk mai dogaro da su. Hutun ƙarshen zango ma yana zuwa kowace shekara. Ki nemi gidajen biki da suna, da masu shago, da ranar kasuwar ƙauyenku.

Wannan tsari namu na asusu ya samo asali ne daga ƙungiyoyin Mata Masu Dubara da suka fara a yankin Maraɗi ta Nijar a 1991. Abin da ya riƙe shi har yau shi ne biyan rance a kan lokaci. Kuɗin da ke hannunki na 'yan uwanki ne, akwai mai jiran ki dawo da su ta karɓa.

Kashi na biyar: Tsafta da lafiya

Abin da kika ɗura cikin mutum zai shiga, har da yara da marasa lafiya. Ki kiyaye waɗannan:

1. Duk ruwan da zai shiga abin sha ki tafasa shi ya yi ta ɓararraka minti ɗaya aƙalla, har da wanda za ki sirka da shi. Ruwa maras tsafta shi ke kawo amai da gudawa da taifot.

2. Ƙanƙarar da ba ki san da wane ruwa aka yi ta ba, ki jera ta a gefen goruna cikin kula, kada ki jefa ta cikin abin shan.

3. Ki yi amfani da sababbin goruna. Waɗanda aka tsinto ba ki san abin da aka zuba a ciki ba. In leda kike ƙullawa, kada ki hura ta da baki.

4. Ki wanke hannu da sabulu, ki ɗaura ɗankwali, ki rufe komai saboda ƙuda. A wajen markaɗe ki sa a wanke inji a gabanki.

5. Ki guji garin kala ko na ɗanɗano da ake aunawa a buɗe babu suna babu kwanan wata. A Maris na 2021 a Kano, wani garin ɗan tsami da aka haɗa lemo da shi ya kwantar da ɗaruruwan mutane a asibiti, wasu suka rasu. Ki duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, ko ki tsaya ga lemun tsami da tsamiya.

6. Abin da ya sauya wari ko ɗanɗano, a zubar. Kada a ƙara sukari a rufe tsamin.

Idan babu firiji, akwai dabarar tukunya cikin tukunya da wani malami a Jigawa, Mohammed Bah Abba, ya yaɗa har ya sami lambar yabo ta duniya a 2000. A sa ƙaramar tukunyar ƙasa cikin babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, a rufe da jiƙaƙƙen zane a inuwa. Takan sanyaya zoɓo ta kuma adana lemun tsami, amma sanyinta bai isa ya tsare kunun aya ba.

Ga namu na cikin gida kuma. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada babban mutum ya wuce kamar ƙaramin cokali 12 na sukari a rana, a haɗa da na shayi da na zoɓo da na alkaki. Ki riƙa ware 'yan goruna marasa sukari da alama a murfi, masu ciwon suga za su neme ki. Shayi yana rage wa jiki cin amfanin sinadarin da ke gina jini, don haka mai ciki ko mai ƙarancin jini ta ba da tazarar awa ɗaya tsakanin abinci da shayi. Zoɓo na sauke hawan jini kaɗan, mai ciki da mai shan maganin hawan jini su tambayi ma'aikacin lafiya. Jaririn da bai kai wata shida ba kuwa, komai zafi, nonon uwa kaɗai ya ishe shi, kuma ba a ba yaro zuma sai ya cika shekara.

Tambayoyin tattaunawa

1. A cikin tsakuwa takwas na riba, wace hanya ce ta fi cinye naki: shan gida, bashi ko kwantai?

2. Idan mata biyar a ƙungiya duk suna son yin zoɓo a ƙauye ɗaya, me zai faru da farashi? Yaya za su raba sana'o'in a tsakaninsu?

3. Me za mu iya saye tare a Sabon Gari, kamar buhun sukari ko goruna, don mu rage kuɗin mota mu sami farashin sari?

Aikin gida

Kowace mamba ta zaɓi abin sha ɗaya da kayan zaƙi ɗaya. Ta binciko farashin kayan haɗinsu, ta lissafa guda nawa za ta sayar kafin uwar kuɗi ta dawo. Wadda ba ta rubutu ta zo da tsakuwarta a ƙulle kashi biyu. A zama mai zuwa za mu duba lissafin kowa kafin a saurari masu neman rance. Allah ya sa albarka a nema.