Ina ruwan sama yake tafiya?

Daga watan Yuni zuwa Satumba, iska mai laima tana tasowa daga Tekun Atlantika. Ita ce take kawo hadari a ƙasar Nijar. Kudu ta fi arewa samun ruwa: Gaya tana samun wajen milimetir 800 a shekara, amma na Agadas ba ya kai 200. In an ce an yi ruwa milimetir 1, ana nufin litir 1 ya zuba bisa fili mai tsawon metir 1 da faɗin metir 1.

Bayan ruwa ya sauka, yakan kasu kashi uku. Wani zafin rana ya maida shi tururi, ya koma sama. Wani ya gangara cikin korama da gulbi. Saura kuma ya nutse cikin ƙasa.

Yawan ruwan da yake nutsewa ya danganta ga irin ƙasar wurin. Jigawa tana shan ruwa da sauri, don akwai ƙananan kafofi tsakanin ƙwayoyin rairayi. Laka tana riƙe shi a sama, shi ya sa tabki yake kwanciya a kanta. Fako kuwa ya ƙeƙashe: ruwa yana wucewa bisansa da gudu, yana kwashe ƙasa mai kyau.

Ruwan da ya nutse yana ta sauka har ya iske laka ko dutsen da ba ya iya ratsawa. Nan yake taruwa cikin rairayi da tsakuwa. Shi ne magina rijiya suke nema. A fadamar Gulbin Maraɗi, ruwan yana kusa, don haka ake noman rani. Birnin Damagaram kuwa bisa dutse mai tauri yake zaune, wanda ba ya ajiye ruwa da yawa. Dole aka jawo wa garin ruwa daga nesa, kamar Gogo da Arunguza.

A farin 1973 da na 1984, rijiyoyi da yawa sun ƙafe. Bayan haka, manoman jihar Tawa suka dage wajen tare ruwa. Suna gina tassa da rabin wata bisa fako, suna jera duwatsu a gangare. Ruwan da aka tare yana samun lokacin nutsewa, hatsi ya sha, rijiya ma ta samu rabonta.

Aiki

Ku huda gindin gwangwani biyu. Ku cika ɗaya da rairayi, ɗaya da laka. Ku zuba masu ruwa daidai da juna. Wane ne ya fara ɗiga?

Tambayoyi

1. Daga ina iskar damana take tasowa?
2. Don mi ruwa ba ya nutsewa bisa fako?
3. Gaba nawa ne zurfin rijiyar garinku? Ku tambayi magina rijiya irin ƙasar da suka ratsa kafin su iske ruwa.