Yadda Za Ka Sa Kalmar "Laconic" a Jimlar Turanci

Ɗaliban sakandare na Birniwa da ke shirin WAEC ko NECO ko JAMB kan ci karo da kalmar laconic a tambayoyin da ake neman kalma mai ma'ana ɗaya da wata, ko kishiyarta. Yawanci haddace ta ake yi a wuce wurin. Ni kuwa so nake ta zauna a bakinku, domin kalmar da ba ka taɓa ɗora ta a jimla ba, ranar jarrabawa nemanta za ka yi ka rasa.

Ana faɗin ta ne a kan mutumin da ke taƙaita magana ƙwarai, amma saƙonsa ya isa inda aka aike shi. Wajen furtawa, ƙarfafa gaɓar tsakiya: la-KO-nik. Asalinta sunan yankin Lakoniya ne a ƙasar Girka, inda birnin Sparta yake. Marubucin nan Plutarch ya ruwaito cewa Sarki Filib na Masidoniya, mahaifin Iskandar, a ƙarni na 4 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ya aika wa mutanen Sparta barazanar abin da zai yi musu idan ya shigo ƙasarsu. Amsarsu kalma ɗaya ce tak: "Idan."

Ba sai ka je Girka ba kafin ka ga wannan hali. Shiga kara ranar kasuwa. Mai saye zai daɗe yana zagaya dabba, yana kushe ƙafa, yana kushe haƙori, sannan ya taya. Mai dabbar ya ɗago kai ya ce, "Albarka." Bai yi faɗa ba, bai wulaƙanta kowa ba, kuma kowa ya gane ciniki bai faɗa ba. A Turanci sai ka ce: The herdsman gave a laconic reply. Haka manomin shinkafa a fadamar Haɗejia da ambaliya ta cinye masa gona, ka je jaje ya ce maka, "Sai godiya." Ga jimlarka: "We thank God," the farmer said laconically. Lura da ɗafin -ally a nan, saboda yadda ya yi maganar ake bayyanawa.

Ita kanta laconic siffa ce. Tana zuwa kafin suna kamar reply, answer, style ko man, ko kuma bayan is da was: My grandfather is laconic.

Inda aka fi tuntuɓe shi ne ɗaukar ta a matsayin "gajere" kawai. Tafiya daga Birniwa zuwa Nguru idan ba ta yi maka nisa ba, short journey ce. Hanya da lokaci da tsayin mutum ba su da rabo a wannan kalma, ta magana ce kaɗai. Taƙaitaccen rubutun da malami ke nema a tambayar summary kuwa, concise ko brief ya fi dacewa da shi.

Sai kuma maƙwabtanta biyu da masu shirya tambayoyi ke son jerawa kusa da ita. Wanda ya ba ka gajeriyar amsa cikin gatsali da ɗaure fuska, curt ake ce wa amsarsa. Wanda magana ma ba ta dame shi ba, sai an yi da gaske yake buɗe baki, irin wanda mukan kira miskili, ya fi kusa da taciturn. Shi kuwa laconic yana magana, auna ta kawai yake yi, shi ya sa sau da yawa yabo ne. Kishiyoyinta da za ka riƙe su ne verbose da garrulous, wato mai yawan surutu.

A hirar yau da kullum kada ka tilasta ta don a ce ka iya Turanci. Idan abokin maganarka bai san ta ba, a man of few words ya wadatar, kuma Turanci ne mai kyau. Ajiye laconic don rubutun insha'i, musamman wajen siffanta halin wani a labari.

Yau da dare ɗauki littafinka ka rubuta jimla uku a kan mutanen da ka sani a unguwarku: ɗaya da laconic, ɗaya da curt, ɗaya da taciturn. Gobe ka kai wa malamin Turancinku ya duba maka.