Amsoshin Tambayoyinku: Me Gari Zai Ƙaru da Shi In Mata Sun Iya Waya da Kwamfuta?

TAMBAYA: Ni ne sakataren ƙungiyar ci-gaban garinmu, a kudancin Jihar Kano. 'Yan asalin garin mazauna birni sun yi karo-karo sun saya mana kwamfutoci da sola, za mu buɗe ɗakin koyarwa a gefen makarantar firamare. Muna cikin tsara yadda za a yi, sai shugabar matan garin ta aiko cewa a ware musu ranaku. Nan kai ya rabu. Wasu dattawa suka ce waya ma da ta shigo ta kashe aure ba ɗaya ba, balle kwamfuta da intanet. Wasu suka ce ai kowane gida akwai wayar maigida, mai buƙata sai ta ara. Ni ma ina da 'ya'ya mata, kuma zuciyata ta kasu biyu. Don Allah me gari zai ƙaru da shi in mata sun iya waɗannan abubuwa, kuma ta yaya za a kauce wa ɓarnar?

AMSA: Malam Sakatare, sannunku da ƙoƙari, Allah ya saka wa masu karo-karon nan da alheri. Amsata a gajarce ita ce ku ware wa matan ranakunsu, kuma kada ya zama ragowar lokacin da maza suka bari ne za ku ba su. Amma maganar da ta raba kan dattawa ba a yanke ta da jimla ɗaya, don haka bari mu bi ta a hankali.

Mu fara da masu cewa akwai wayar maigida. Ina wayar take yini? Da sassafe ta bi aljihun mai ita zuwa gona ko kasuwa, ba za ta dawo ba sai magariba. In an gama aikin kaka ya tafi ci-rani Legas ko Fatakwal, sai ta yi watanni ba ta gida. Larura kuwa ba ta jiran magariba. Naƙuda na tashi da hantsi, jikin yaro na rikicewa da rana tsaka, mai sarin man gyaɗa na son amsa yanzu, in bai samu ba ya nufi wani gida.

Akwai kuma abin da ya fi wannan nauyi, wanda masu batun aro ba su cika lura da shi ba. Yanzu layin waya ya zama shaidar mutum. Tun watan Disamba na 2020 gwamnati ta wajabta haɗa kowane layi da lambar NIN ta mai shi, asusun banki kuma yana ɗaure da BVN da lambar waya. Matar da ba ta da layi da sunanta, duk kuɗin da ɗanta ya turo mata, ko cinikin da ta yi, ko tallafin da aka rubuta sunanta a ciki, sai ya bi ta hannun wani kafin ya iso gare ta. Wani hannun mai amana ne, wani kuwa ba haka ba. Ku tuna farkon 2023, lokacin canjin kuɗi, da takardar Naira ta yi wuyar gani. Masu ƙosai da awara da fura da ba su da asusu, ko dai su ba da bashi, ko su karɓi tiransifa ta asusun wani yaro a unguwa, sannan su biya mai POS lada mai tsada kafin su ga guminsu. Jarin mata da yawa a wannan lokacin ya karye. Su kuwa waɗanda suka iya duba alat a wayarsu, sun fi samun sauƙin ciniki.

Kada ka ɗauka hasashe nake yi. An gwada abin, kuma a ƙasar Hausa aka gwada shi. A shekarar 2010, bayan fari ya ci amfanin gona a Nijar, ƙungiyar agaji ta Concern Worldwide ta raba kuɗi ga dubban gidaje a ƙauyuka 96 na yankin Tawa, kimanin sefa 22,000 kowane wata har wata biyar, kuma galibin masu karɓa mata ne. Aka kasa ƙauyukan gida uku. Wasu ana ba su kuɗin a hannu, wasu a hannu tare da kyautar waya, wasu kuma ana tura musu ta cikin wayar. Da masu bincike suka koma, a ƙarƙashin jagorancin wata masaniyar tattalin arziki mai suna Jenny Aker, sai suka tarar gidajen da kuɗin ya shiga ta waya sun fi cin abinci iri-iri, yaransu kuma sun fi samun abin kaiwa baki a yini, alhali kuɗin duk ɗaya ne. Dalilin da suka kawo mai sauƙin fahimta ne. Matar ba ta ɓata yini a tafiya da bin layi ba, kuma kuɗin ya shigo mata a asirce, ta sami ta cewa kan abin da za a saya da shi. Ka lura da kyau, waɗanda aka ba kyautar waya kawai ba su sami wannan ribar ba. Ashe ajiye na'ura a gida ba shi ne aikin ba, sai in harkar matar ce da kanta take bi ta cikinta.

Na san wani zai ce ai yawancin matanmu ba su yi boko ba, me za su tsinta a kwamfuta? Wannan ma an gwada. A 2009 da 2010, a ajujuwan yaƙi da jahilci na ƙauyukan Damagaram da Doso, an koya wa rabin ƙauyukan amfani da ƙaramar waya tare da karatun, sauran kuma aka bar su da allo da alli. Waɗanda aka koya wa waya suka fi cin jarrabawar rubutu da lissafi, kuma watanni bayan an rufe aji karatun bai zube musu kamar na sauran ba. Wanda yake rubuta saƙo yau da gobe ba ya manta baƙi. Saboda haka rashin karatu ba hujjar hana su ba ce, hasali ma ita ce hujjar kawo su. Ga kuma saƙon murya na WhatsApp, wanda ya sa tsohuwar da ba ta taɓa riƙe alƙalami ba tana tallar turaren wutarta har wata jiha.

To me gari zai ƙaru da shi? Duba abubuwan da ake auna ci-gaban gari da su: lafiyar yara, haihuwa lafiya, abin da ke cikin tukunya, zuwan yara makaranta, adashin da ke fitar da gida kunya ranar biki ko rashin lafiya. Duk a hannun mata suke. Lokacin yaƙi da shan inna, tawagogin da ke bin gida-gida galibinsu mata ne, don namiji ba ya wuce zaure. A Kano da maƙwabtanta an riƙa ba tawagogin wayoyi masu nuna inda suka taka, ta haka aka gano rugage da ƙauyukan da ake tsallakewa, har aka kai ga watan Agusta na 2020 da aka tabbatar ƙwayar cutar ta asali ta ƙare a Najeriya da Afirka baki ɗaya. Ungozomar garinku da za ta iya kiran ma'aikaciyar asibiti da direba kafin jini ya ƙwace wa mai haihuwa, ita ma wannan aikin take yi.

Sai 'ya'yanka da ka ambata. Tun 2015 jarrabawar JAMB ta koma kan kwamfuta gaba ɗaya. Yarinyar da ta haddace darasinta tsaf, amma ranar jarrabawa ce ranar farko da ta ɗora hannu a kan kwamfuta, rabin lokacinta a rawar hannu zai tafi. Garin da ke kukan babu likita mace, babu nas, babu malamar kimiyya 'yar gari, daga kujerar jarrabawar nan yake asarar su.

Yanzu mu zo kan tsoron dattawa, kuma ina roƙonka kada ku raina shi a wurin taro, domin yana da tushe. Gaskiya ne an yaudari 'yan mata ta waya, an yaɗa hotunan wasu, an damfari wasu da sunan tallafi ko aikin yi, ana tallar magungunan da ba a san asalinsu ba, kuma akwai abubuwan da ke yawo a TikTok da ba wanda zai so ya gan su a gidansa. Aure ma ya mutu a dalilin waya, ba ƙarya suka yi ba. Abin tambaya shi ne, wace ce aka fi cuta? Wadda ta miƙa wa mai shagon caji wayarta ya buɗe mata Facebook, ya riƙe lambar sirrin a wurinsa. Wadda ta karanta wa mai POS lambobin katinta da ƙarfi don ba ta iya dannawa ba. Wadda aka kira aka ce daga banki ne, ta karanto lambar da aka turo mata. Wadda ta kai gyaran waya da hotunanta a ciki, ba ta san ana kulle su ba. Duk waɗannan rashin sani ne ya kai su, kuma darasin mako biyu ya isa ya toshe yawancin ƙofofin.

Hanin ma ba ya hanawa. Yarinyar da aka hana a gida za ta ara a wurin ƙawa, ko saurayi ya saya mata a ɓoye, kuma wannan ita ce wayar da ta fi kowace haɗari, don ba wanda zai ji labari sai ɓarna ta auku. Uwar da ba ta san yadda waya ke aiki ba kuwa, ta yaya za ta sa ido a kan ta 'yarta, ko ta ɗanta? Tarbiyyar da dattawa ke son karewa a ɗakin uwa ake yin ta. Sannan akwai gaskiyar da ya kamata a faɗa a gaban kowa: mai tura wa matar aure saƙon banza da tsakar dare namiji ne, mai yaɗa hoton yarinya don ta ƙi shi namiji ne. In za a yi wa'azin waya, a fara da majalisar samari da ta magidanta. A kuma sanar da su cewa tun 2015 akwai dokar laifukan intanet a ƙasar nan, wadda ta tanadi hukunci a kan barazana da cin zarafi ta waya.

Game da yadda za ku tsara, ba sai kun je nesa neman abin koyi ba. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta fuskanci irin wannan matsala: ga ilimi, ga matan karkara da ba za su iya barin gidajensu su zo gare shi ba. Sai ta zaɓi dattijai mata masu mutunci, ta naɗa su jajoji, su zo su koya a wurinta, su koma su koyar da 'yan'uwansu a ƙauyuka. Su ne 'yan taru. Ku yi haka. Ku nemo malama mace, ko da sau biyu a mako za ta riƙa zuwa daga hedikwatar ƙaramar hukuma. Ta fara da mata goma ko goma sha biyu da gari ya yarda da su, malaman Islamiyya da ungozoma da uwayen adashi, su kuma su shiga gidajen da matan cikinsu ba sa fita. Ranar mata ta zama ta mata zalla, ba samari a bakin ƙofa. Lokacin kuwa su za ku tambaya, kada ku yanka musu, don su suka san sa'ar da aka sauke tukunya da sa'ar da ake ɗora wata. A shimfiɗa tabarma a gefe saboda masu goyo.

Kada kuma malamar ta buɗe da tarihin kwamfuta da sunayen sassanta, kamar yadda ake yi a cibiyoyi da yawa har ɗalibai su gudu. Ta fara da wayar da ke hannunsu, ko da mai madannai ce: ajiye lamba, karanta alat, canza lambar sirri, gane saƙon damfara, ɗaukar hoton kayan sana'a. Kwamfuta ta biyo baya, musamman ga 'yan sakandare da masu riƙe lissafin ƙungiya. Gidauniyar Fantsuam ta Kafanchan, wadda aka kafa a 1996, da ba mata ƙananan rance ta fara, daga baya ta ƙara koyar da kwamfuta da kai intanet karkara, kuma a ganina haɗa koyon da abin da mace ke ci da shi ne ya sa aikin ya ɗore. Solar nan taku ma kada ta tsaya a kwamfutoci. In mata za su yi cajin waya a ɗakin a ranakunsu, kun raba su da miƙa wa yaro waya ya kai shago, inda asirin mata da yawa ke tonuwa. Ku kuma nemi a zo garin a yi wa mata rajistar NIN, don ba tare da ita ba babu layi, babu asusu. In kuna neman shawara ko masu horarwa, ga cibiyar CITAD nan a birnin Kano, ta daɗe tana aiki a kan shigar da mata da mutanen karkara harkar fasahar sadarwa, ku rubuta musu.

Abu na ƙarshe, Malam Sakatare, ya shafi kwamitin da zai riƙe ɗakin. In maza ne kaɗai a ciki, ranar da samari suka yi yawa, ko batir ya yi rauni, ranakun mata ne za a fara yankewa, ba don mugunta ba, sai don ba mai tsaya musu a wurin. Ku sa shugabar matan da wata mace ɗaya a kwamitin, a ba su makulli nasu. Dattawan da ke da shakka kuma a gayyato iyalansu cikin rukunin farko, su ji daga bakinsu abin da ake koyarwa. In kun yi wata shida da farawa, ka rubuto mana yadda ta kaya, don masu karatu a wasu garuruwan su amfana. Allah ya yi jagora.