Kishi a Gaban Kotu: Shin "Zuciya Ce Ta Ɗebe Ni" Hujja Ce?

'Yan uwana ɗalibai, a wajenmu Kuki ta ƙasar Dutsin-Ma, in aka ji wani ya yi kisa kan mace, sai ka ji ana cewa "ai zuciya ce ta ɗebe shi". To, doka ba ta tsaya nan ba.

Dokar Final Kod ta Arewa, wadda ta fara aiki a 1960, ta raba kisa gida biyu. Sashe na 221 kisan ganganci ne, hukuncinsa kisa. Sashe na 222 kuwa ya kawo yanayin da ake sassautawa, ciki har da tunzuri mai tsanani na ba-zata. Nan hukuncin, bisa sashe na 224, bai wuce ɗaurin rai da rai ba. Ku lura, sassauci ne kawai, ba a wanke mutum.

Kafin alƙali ya yarda da tunzuri, sai ya duba abu uku. Shin abin ya kai ya fitar da mutum mai hankali daga hayyacinsa? Shin nan take aka yi kisan, kafin zuciya ta huce? Shin martanin ya yi daidai da takalar? Wanda ya koma gida ya ɗauko wuƙa, ko ya yi kwanton ɓauna, ya rasa wannan kariya, don ya samu lokacin tunani. Zargi kawai, ko ganin saƙo a waya, da wuya su kai mizani.

Muhawarar ta daɗe. A 1947, kotun ɗaukaka ƙara ta Afirka ta Yamma ta soke hukuncin kisan da kotun Sarkin Gwandu ta yanke wa Tsoho Gubba, saboda akwai tunzuri a lamarin. A mazhabar Malikiyya kuwa, fushi ba ya kawar da ƙisasi, sai dai waliyyan mamaci su yafe ko su karɓi diyya.

Na kusa-kusa, a Janairun 2020 Babbar Kotun Abuja ta yanke wa Maryam Sanda hukuncin rataya kan kashe mijinta Bilyaminu Bello a 2017, rikicin da zargin cin amana ya haddasa.

Ni dai shawarata, in soyayya ta yi tsami, a rabu lafiya ko a sa manya a ciki. Zuciya mugun nama ce, kuma ba ta raka mai ita gidan yari.